Yadda Ake Gane Damfarar "Ka Ci Kyauta" Kafin Kuɗinka Su Fita

Shekara shida ke nan ina sana'ar POS da sayar da katin waya a Tudun Wadan Kaduna, kusa da Kasuwar Barci. Ta kan ɗan teburina kuɗin mutane ke bi kafin su tafi inda ba sa dawowa, shi ya sa na kai ga ina gane wanda ake damfara tun bai buɗe baki ba. Zai zo da waya manne a kunne, ana karanta masa lambar asusu, fuska cike da fara'a, amma murya ƙasa-ƙasa don kada na kusa su ji.

Wadda ta fi tsaya min a rai wata dattijuwa ce daga Rigasa. Ta kwance bakin zane ta ƙirgo ₦18,500, kuɗin adashen da ta ɗauka a makon. Na ce, "Mama, wa za ku tura wa?" Ta ce, "Ɗana, kujerar Umara na ci. An ce in biya kuɗin fom kafin la'asar, kuma kada in faɗa wa kowa sai an gama." Na saka lambar asusun a na'ura, sai ga sunan wani mutum ya fito, ba hukuma ba, ba kamfanin jirgin yawo ba. Na karanta mata sunan, na ce, "Mama, kun san shi?" Ta yi shiru, ta mayar da kuɗinta ta ƙulle. Ita Allah ya tsare ta. Wasu kuwa cikin dare suke turawa da wayarsu, sai da safe su zo min ido ya yi ja.

Abin da nake bi da su a teburin nan shi zan shimfiɗa maka daki-daki.

KAYAN DA ZA KA TANADA

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka yau za ka haɗa su, ba ranar da saƙon ya shigo ba.

Na farko takarda da biro. Rubuta lambar wayar bankinka wadda ke bayan katin ATM ɗinka, da lambar da ake dannawa a rufe asusu cikin gaggawa. Kowane banki da tasa, da yawansu suna ƙarewa da 911, kuma ana iya danna su ko da wayar wani ce. Je ka reshen bankinka ka tambaya da bakinka, kada ka ɗauko ta a Facebook. Ƙara da 300, lambar kula da abokan hulɗa ta duk kamfanonin layi tun da hukumar sadarwa ta NCC ta haɗe lambobin a 2023, da 622, lambar kai ƙorafi ga ita NCC ɗin, kyauta. Ajiye takardar a gida, ba cikin rigar waya ba, don in wayar ta ɓata kada su tafi tare.

Na biyu mutum. Zaɓi wani guda da ka yarda da hankalinsa, wa ko ƙane, miji ko mata, ko abokin sana'a, ku yi alkawari cewa duk maganar kyauta sai ya ji kafin naira ɗaya ta fita. A cikin kayan nan duka shi ya fi muhimmanci.

Na uku 'yar data, don bincike. In ƙaramar waya mai tocila gare ka, ko ba ka karanta Turanci, ba komai. Matakai na 1, 2, 4 da 5 ba sa buƙatar intanet ko boko, kuma su kaɗai sun isa su kama yawancin 'yan damfara.

Abu ɗaya ka riƙe kafin mu fara. Mutanen nan sun san mu. Sun san Bahaushe yana gudun kalmar caca, saboda haramcinta a fili yake a Suratul Ma'ida aya ta 90. Shi ya sa ba za ka ji sun ce ka ci caca ba. Sai su ce garaɓasa, ko tallafi, ko rabon azumi, ko sadakar wani attajiri, ko kujerar Makka. Rigar ce kawai ke canzawa da lokaci: da azumi kayan abinci, gab da aikin Hajji kujera, lokacin zaɓe rabon ɗan takara, kullum kuma akwai data 50GB.

MATAKAI

1. Ajiye wayar tukuna.

Kada ka danna linki, kada ka mayar da amsa, in kira ne ka ce za ka neme su, ka kashe. Jarin ɗan damfara gaggawa ce. Za ka ji "saura minti talatin", "mutum biyar suka rage", "in ka kashe waya an ba wani". Dalili shi ne ya san in ka yi sallah ka ci abinci ka zauna da iyali, hankalinka zai dawo. Ni kwana ɗaya nake ba kowane irin saƙon nan. Kyautar gaskiya ba ta lalacewa a kwana ɗaya.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne mutum ya ce bari ya ɗan ja su da hira ya ga gudun ruwansu. Kada ka yi. Magana sana'arsu ce, sun yi ta da mutum ɗari kafin kai, kuma amsar da ka ba su ta tabbatar musu layin yana aiki.

2. Tambayi kanka: yaushe na shiga?

Wanda bai jefa ƙuri'a ba, ba a ciro sunansa. In ba ka cike fom ba, ba ka sayi kaya mai garaɓasa ba, ba ka tura amsa a wani shirin rediyo ba, to me ka ci? Za su ce kwamfuta ce ta zaɓo lambarka a cikin miliyoyi. Saƙo ɗaya ne suka watsa wa dubban layuka suna jiran wanda zai amsa.

Misalai biyu da suke yawan zuwa min. Facebook ba shi da wata ƙuri'a da yake raba wa masu amfani da shi daloli, duk wanda ya turo maka takarda mai hoton Mark Zuckerberg da hatimi, ƙarya ce. Sai kuma bizar Amurka ta ƙuri'a. Shirin na gaskiya ne, yana da guraben biza har 55,000 a shekara, amma tun zagayen shekarar 2015, wato DV-2015, aka cire haifaffun Najeriya saboda yawan waɗanda suka riga suka ƙaura can. Ko a ƙasashen da ke ciki, gwamnatin Amurka ba ta aika wa kowa imel ko saƙon WhatsApp cewa ya ci, mutum ne ke shiga shafinsu da lambar shaidar da aka ba shi ya duba da kansa. Duk da haka har yau samari na zuwa da takardar "ka ci biza" suna neman su tura kuɗin tantancewa.

3. Duba ƙofar da saƙon ya shigo.

Fara da lamba. Kamfanin layi ko banki ba ya sanar da kyauta da lambar mutum mai lamba 11 irin tawa da taka. In an ce daga Ingila ne ko Dubai, ka ga +44 ko +971, wannan ma ba hujja ba ce, ana samun lambar waje a intanet mutum yana zaune a nan gida. Haka sunan da ke fitowa a saman saƙon tes: ana iya ƙirƙirarsa ya yi kama da na banki. Hoton tambarin kamfani a WhatsApp kuwa ko yaro zai iya saukewa ya saka.

Sai linki. Ba sai ka danna ba, karanta shi kawai. Abin lura shi ne kalmar ƙarshe kafin sandar nan ta farko mai karkace. Shafukan hukumomin gwamnatin Najeriya yawanci da .gov.ng suke ƙarewa. In ka ga sunan gwamnati ko MTN ko Gidauniyar Dangote a farkon adireshi, amma ƙarshensa blogspot.com ne, ko .xyz, ko .top, ko an gajarta shi da bit.ly don kada a ga inda ya nufa, to aron suna aka yi, masu sunan ba su ma san ana yi ba. Hoton ɗan kwaɗo da ke fitowa kusa da adireshi kada ya ruɗe ka, shafin ɓarayi ma yana samunsa.

Na sha gwada irin shafukan nan da wata tsohuwar waya da babu banki a cikinta. Tsarinsu ɗaya ne. Tambayoyi uku ko huɗu, ko me ka amsa daidai ne. Sai akwatuna a ce ka zaɓa, na farko wayam, na biyu wayam, na uku ka ci. A ƙasa an jera sharhi da sunayen Hausa, "Alhamdulillah na samu nawa", in ka taɓa sunan ba ya kai ka ko'ina, don zane ne kawai. Ƙarshe a ce ka tura wa zauren WhatsApp biyar ko mutum ashirin kafin a sake maka kyautar. Ta haka saƙon ke isowa daga hannun kawunka ko limaminku, mutanen da ba za su cuce ka ba, amma su ma turowa aka yi musu.

Yanzu an ƙaro bidiyo. Za ka ga fitaccen mutum yana magana da muryarsa yana cewa a yi rajista, alhali na'ura ce ta kwaikwayi muryar. Kalli leɓɓansa da kyau, sau da yawa ba sa tafiya tare da maganar. Amma kada ka dogara da idonka kaɗai, aikin nasu kullum ƙara kyau yake.

4. Saurari abin da suke nema a wurinka.

A nan asiri ke tonuwa, kuma ko da ka kasa duk sauran matakan, wannan ka riƙe shi da hannu biyu. Mai ba da kyauta bayarwa yake yi. Wanda ya fara da "kawo", ba kyauta ya zo da ita ba. Abu uku suke nema.

Na ɗaya kuɗi. Ba sa farawa da yawa. ₦3,000 na rajista, in ka biya sai ₦12,000 na haraji, sai a ce kayan sun iso filin jirgi kwastan sun riƙe, sai takardar shaidar cewa kuɗin ba na ta'addanci ba ne. Kowane biya ana ce maka shi ne na ƙarshe. Abin da ke riƙe mutum shi ne tunanin abin da ya riga ya zuba: in na tsaya yanzu na yi asarar na baya. Na ga wani magidanci mai sayar da hatsi ya zo min sau uku a mako ɗaya, asusu uku daban-daban. A na ukun na ce, "Alhaji, don Allah ku zauna mu yi magana." Ashe mota aka ce ya ci, har ya fara taɓa jarin shago. Wani lokaci ba tiransifa za su nema ba, sai su ce ka sayi katin waya ka karanto musu lambobin, saboda wannan ya fi wuyar bi. Irin wannan zambar ta biya-kafin-ka-karɓa ita ce asalin abin da muke kira 419, sunan da ya samo daga sashe na 419 na kundin laifuffuka, kuma akwai doka ta musamman a kanta ta shekarar 2006.

Na biyu lambobin sirri, kuma wannan ya fi haɗari, don mutum yana ganin bai biya ko sisi ba. Za a ce, "Ba ma son kuɗinka, BVN kawai za ka bayar mu tura." Don a tura maka kuɗi, lambar asusunka mai lamba 10 da sunan banki sun wadatar, ba a buƙatar komai bayan su. Kada ka ba kowa a waya lambobin gaban katin ATM, ko ranar ƙarewarsa, ko lambobi 3 na bayansa, ko PIN, ko OTP, wato lambar amfani sau ɗaya da banki ke turowa ta tes. BVN da NIN, kowanne mai lamba 11, su ma ba na rabawa ba ne. In mai kiran ya karanto maka cikakken sunanka da ranar haihuwarka, kada ka ce ai lallai daga banki ne. Sanin sunanka ba shi ne sanin amanarka ba, kuma ma'aikacin banki na gaskiya ba ya tambayar PIN ko OTP.

Akwai wata lambar da mutane ba sa ɗauka a bakin komai: lamba 6 da WhatsApp ke turowa. Za a kira ka a ce lambar shaidar cin kyauta ce, ka karanto. Kana karantowa WhatsApp ɗinka ya koma hannunsu, su shiga bin 'yan'uwanka ɗaya bayan ɗaya da sunanka, wai kana asibiti a taimaka. Maganinsa tun yanzu: shiga saitin WhatsApp, sashen Account, ka kunna "Two-step verification", ka saka lambar sirri taka. Minti biyu ne.

Na uku shiru. "Kada ka faɗa wa kowa, mahassada sun yi yawa." Mu kuma da al'adar ɓoye alheri sai ya tabbata, sai maganar ta shige mu. Kamfanin da ya yi garaɓasa ta gaskiya talla yake nema, so yake duniya ta ji. Duk wanda ya ce ka ɓoye wa mijinki ko matarka, tsoron tambayar da za su yi yake.

5. Yi gwaji biyu masu sauƙi.

In har zuciyarka ba ta saki ba, saka lambar asusun da suka bayar a manhajar bankinka ko a POS, ka tsaya kafin saka PIN. Suna zai fito. An ce maka kamfani, sunan mutum ya fito, magana ta ƙare. Za su ce akawun ne ko wakili, kada ka saurara. Amma ka lura: ko sunan kamfani ya fito, wannan bai wanke su ba, suna iya buɗe asusu da suna mai kama da na gaske.

Gwaji na biyu, ka ce, "Ku cire kuɗin rajistar daga cikin kyautar, ku turo min ragowar." Ban taɓa ganin wanda ya yarda ba. Daga nan murya ke canzawa, daga lallami zuwa tsawa, wani ma har da barazanar kama ka.

Hattara da alat na bogi. Wasu sukan turo saƙon tes mai kama da na banki, wai ₦500,000 sun shigo, sai su kira su ce an yi kuskuren ƙari, ka mayar da ₦50,000. Saƙo ba kuɗi ba ne. Duba ragowar kuɗinka da kanka ta manhaja ko ta lambar bankinka. Mu masu POS wannan darasin muka fara koya.

6. Tabbatar ta wata hanya dabam.

Kada ka kira lambar da ke cikin saƙon, abokin ɓarawon ne zai ɗauka. In sunan kamfanin layi aka ambata, kira 300. In banki ne, lambar bayan katinka, ko ka taka zuwa reshe, ga su nan jere a titin Ahmadu Bello da Yakubu Gowon. In kujerar Hajji ce, je ka ofishin hukumar jin daɗin alhazai ta jiha ko jami'in alhazai na ƙaramar hukumarku. In ba ka da kuɗin mota ko halin fita, kai wa mutumin nan da ka zaɓa tun farko, ka ba shi wayar ya karanta da idonsa, kada ka ba shi labari da bakinka, don mai murna yakan tsallake wuraren da ke da alamar tambaya.

7. Rufe ƙofar.

Ɗauki hoton saƙon da lambar, sannan ka kai rahotonta a cikin WhatsApp ko Facebook ka toshe. In a zauren dangi ko na masallaci aka turo, yi magana a zauren cikin ladabi, kada ka kunyata wanda ya turo, musamman in babba ne. "Baba, wannan na bincika ba na gaskiya ba ne, don Allah kada kowa ya danna" ya isa.

IN AN RIGA AN TURA

Kunya ce ke kashe mafi yawan damar da ta rage. Mutum zai kwana uku yana juyayi shi kaɗai, su kuwa cikin mintuna suke rarraba kuɗin zuwa wasu asusu. Na ga malamai, na ga ma'aikata, na ga 'yan kasuwa masu wayo an ci su. Ba wauta ba ce, an same ka ne a ranar buƙata.

Da farko daina biya, ko me suka ce ya rage. In lambobin kati ko OTP ka bayar, danna lambar rufe asusu nan take, ko ƙarfe biyun dare ne, kada ka jira gari ya waye. Sannan kira banki ka ce damfara ce, ka roƙi su sanar da bankin da kuɗin suka shiga don a dakatar da asusun. Za su nemi rana, lokaci, adadi, da doguwar lambar shaidar tiransifa da ke jikin rasit. In a POS ka tura, koma wurin mai POS ɗin, yana iya fito maka da ita. Da safe ka je reshe ka rubuta ƙorafi, ka karɓi lambar ƙorafin a hannunka. Mai yiwuwa su nemi rahoton 'yan sanda, don haka ka biya ta ofishin da ke kusa da kai. In mako biyu ya wuce banki bai yi komai ba, Babban Bankin Najeriya yana da sashen kare haƙƙin abokan hulɗa da ake ɗaukaka ƙorafi gare shi. Hukumar EFCC tana da ofishin shiyya a nan Kaduna, kuma kai ƙara wurinsu ba a biyan kuɗi. Ba zan yi maka alkawarin kuɗin za su dawo ba, sau da yawa ba sa dawowa, amma waɗanda na ga an yi dace da nasu duk a ranar suka motsa.

In WhatsApp aka ƙwace, sake shiga da lambarka, sabuwar lamba 6 za ta zo ta tes, kana saka ta an fitar da ɓarawon. In ya riga ya saka tasa lambar sirrin, za ka iya jiran kwana 7 kafin ka shiga. Kafin nan ari waya ka kira 'yan'uwa da abokan ciniki ɗaya bayan ɗaya, ka ce duk wanda ya ga saƙon neman kuɗi da sunanka kada ya tura.

Ka kuma sa ran kira na biyu. Bayan 'yan kwanaki wani zai kira, ya ce shi jami'in EFCC ne ko lauya, an kama waɗanda suka cuce ka, kuɗinka na nan, sai dai ka biya na buɗe fayil. Su ne dai suka dawo, ko wasu da suka sayi lambarka a hannunsu. Alhajin hatsin nan sai da aka yi masa wannan kiran, ya zo teburina da lambar asusu ta huɗu a rubuce a bayan rasit. Na ce, "Alhaji, ku tambaye shi a wane ofishi yake a Kaduna, ku ce ga mu nan zuwa tare yanzu." Ya kira a gabana ya faɗa masa haka. Mutumin ya kashe waya, daga ranar layin bai sake shiga ba.